Burtu da Cilakowa: Tarihin Sunaye Biyu a Karkarar Arewacin Kano

Masana ilimin halittu sun daɗe suna tara tsuntsaye kimanin iri sittin na Afirka da Asiya a rukuni guda, wanda Turawan Ingila suke kira hornbill, amma Bahaushen karkarar Kano bai taɓa ganin dalilin gama su a suna ɗaya ba, domin waɗanda ya sani a cikinsu ba su yi masa kama da juna ba ko kaɗan. Akwai burtu, ƙaton baƙin tsuntsu mai yawo a ƙasa, wanda tsawonsa daga baki zuwa bindi yakan kai mita ɗaya, nauyinsa kuma ya kai kilo huɗu, sannan akwai cilakowa, 'yar siririya mai dogon bindi da ba ta wuce rabin mita ba, wadda take yini tana tashi daga kan gawo zuwa kan tsamiya. Abin da ya sami waɗannan sunaye biyu ya bi abin da ya sami ƙasar kanta, wato yadda dajin da ke arewa da birnin Kano, wajejen Bichi da Ɗambatta da Minjibir da Kunchi, ya koma gona kusan kakaf, har cilakowa ta zauna tare da sunanta, shi kuwa burtu ya ƙaura ya bar nasa a bakin mutane yana wani aiki daban.

Kalmar Ingilishin ba ta da wani sirri, domin haɗi ce ta kalmomi biyu, ta farko tana nufin ƙaho, ta biyu kuma bakin tsuntsu, kuma ta fara bayyana a rubuce a wajen shekarar 1773. Sai dai tunanin da ke cikinta ya girme ta nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na farko na Miladiyya marubucin Rumawa Pliny ya ambaci wani tsuntsun ƙasar Habasha mai ƙahoni a ka, wanda wasu masana suke ganin labarin burtu ne ya iso masa a gurguje daga bakin fatake. A shekarar 1599 kuma masanin Italiya Ulisse Aldrovandi ya buga zanen kan wani tsuntsu da ya kira tsuntsun karkanda, saboda tudun da ke bisa bakinsa ya lanƙwasa sama kamar ƙahon karkanda. A wancan zamani busassun kawuna ne suke isa Turai a cikin kayan 'yan kasuwar jiragen ruwa, ba tsuntsun da rai ba, don haka ba abin mamaki ba ne da sunan ya tsaya a kan baki da ƙaho, tunda mai raɗa sunan bai ji kukan tsuntsun ba, bai kuma ga tafiyarsa ba.

Da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya tsara sunayen halittu a 1758, ya ba kowace halitta suna mai kalma biyu, ta farko ta jinsi ta biyu ta iri, sai ya raɗa wa wannan jinsi Buceros, daga kalmomin Girka biyu masu ma'anar sa da ƙaho, wato mai ƙahon sa, kuma cikin tsuntsayen da ya sa a jinsin akwai wancan na karkanda da ke dazuzzukan Borneo da Sumatra da Java. Jamusawa ma karkanda suka bi wajen raɗa nasu sunan, Larabawa kuma suna cewa abu ƙarnin, ma'ana mai ƙaho. Faransawa ne suka fita daban, domin kalmarsu calao aro ce daga harsunan tsibiran Filifin, inda ake kiran wani babban irin tsuntsun kalaw. Sakamakon haka, ɗalibi a Kano yana koyon sunan da ya samo asali daga ƙahon wani tsuntsun Borneo, ɗan'uwansa a Maraɗi ko Damagaram yana koyon wanda ya fito daga Filifin, alhali tsuntsun da ke bayan makarantunsu guda ne, kuma iyayensu da suna ɗaya suke kiran sa.

Shi burtu ya shiga littattafan Turai ne ta ƙofar Habasha. Masanin Faransa Buffon ya bayyana shi a cikin babban aikinsa na tarihin tsuntsaye da sunan calao na Habasha, a 1783 wani masanin Holan mai suna Pieter Boddaert ya ba shi sunan Latin Buceros abyssinicus, sannan matafiyin nan James Bruce, wanda ya je neman mafarin kogin Nilu, ya kawo siffarsa a littafin tafiyarsa na 1790 tare da sunan da ya ji ana kiran sa a can, Abba Gumba. A 1830 René Lesson ya ware masa jinsi nasa na kansa, Bucorvus, inda ya haɗa farkon Buceros da kalmar Latin ta hankaka, ya zama hankaka mai ƙaho, saboda baƙinsa. Lesson ɗin dai shi ne ya raɗa wa ƙananan irin sunan Tockus a wannan shekara, daga kalmar tok da Buffon ya rawaito cewa da ita mutanen Senegal suke kiran su, kuma wannan suna ne da aka ɗauko daga kunnen mutanen Afirka, domin kwaikwayon kukan tsuntsun ne. Daga baya masana da dama sun cire burtu da ɗan'uwansa na kudancin Afirka daga dangin sauran, suka ba su dangi nasu mai suna Bucorvidae, wato bayan shekaru kusan ɗari biyu na auna ƙasusuwa da binciken jini sun iso inda manomin Bichi yake tsaye tun farko, cewa burtu daban, cilakowa daban.

Abin da ake kira ƙahon ma ba ƙaho ba ne irin na sa. Wani tudu ne da ya tsiro a bisa baki, fatarsa ta sinadarin da ake samu a farce da kofato, cikinsa kuwa kusan fanko ne, sai 'yan siraran ƙasusuwa da suka sarƙe kamar soso, shi ya sa ba ya yi wa tsuntsun nauyi yadda ido yake zato. Na burtu gajere ne, ya taso daga gindin baki kusa da goshi, gabansa a buɗe kamar an datse bututu, kuma masana suna ganin yana taimakawa wajen ƙara amon kuka. Iri ɗaya ne a duniya yake da tudu mai tauri cike, wani tsuntsun kudu maso gabashin Asiya da aka daɗe ana sassaƙa nasa kamar hauren giwa, abin da ya kusa ƙarar da shi. Ita cilakowa kuwa sunan Turawa bai zauna mata ba sosai, domin a cikin irinta biyu, mai toka-tokar launi ɗan siririn tudu ne kawai a bakin namijinta, mai jan bakin kuma kusan ba ta da komai, sai dai dogon baki mai lanƙwasa kamar lauje.

Hausa tana da hanyoyinta na raɗa wa tsuntsu suna, kuma siffar jiki ba ita ce kan gaba ba. Wasu sunayen aro ne da suka zo tare da karatu ko fatauci, kamar alhudahuda da ɗawisu daga Larabci, ko talotalo daga Yarabanci. Wasu hukunci ne a kan hali, kamar ragon maza, tsuntsun da aka ga ya fi son labewa a cikin ciyawa da tashi sama. Wasu kuwa, kuma su ne tsofaffi, ba sa rabuwa zuwa wasu kalmomi masu ma'ana, sai dai kunne yakan ji muryar mai sunan a cikinsu, kamar yadda ake jin hankaka a cikin sunansa. Burtu da cilakowa suna cikin wannan kaso na ƙarshe. Kukan burtu wani gurnani ne mai kauri da yake fitowa daga jakar fatar da ke maƙogwaronsa, yakan yi shi da asuba kafin gari ya waye, namiji yana yi mace tana amsawa, kuma yana kaiwa nesa ƙwarai, har wanda bai saba ba ya ɗauka wata babbar dabba ce. Gajeruwar kalmar burtu, mai nauyi a farko da datsewa a ƙarshe, ta dace da wannan amo. Cilakowa kuma fito take yi siriri mai tsini, baki a ɗage sama, kuma gaɓoɓin farko na sunanta suna da irin wannan tsinin. Nahawu ma ya raba su, domin burtu namiji ne a Hausa ko da macen ake nufi, cilakowa kuwa mace ce ko da namijin ake kallo.

Ƙamusoshin da aka yi a zamanin Turawa sun adana wannan rabuwa yadda suka same ta. Na G. P. Bargery, wanda aka buga a 1934, da na R. C. Abraham na 1949, sun kawo kowane suna a gurbinsa, sai dai a fassara ne aka tilasta musu zama 'yan gida ɗaya, tunda Ingilishi kalma guda gare shi. A tsofaffin rubuce-rubucen boko ana ganin sunan cilakowa da ch a farko, kafin a daidaita ƙa'idar rubutu a kan harafin c. Sunan kuma yana ɗaukar iri biyu da masana suka raba, mai toka-toka da baƙin baki, wadda Linnaeus ya kira nasutus a 1766, wato mai babban hanci, da mai jan baki wadda ta fi son kiwo a ƙasa.

Muhimmancin burtu ga mutanen ƙasar Kano bai tsaya a kan tsuntsun ba, ya shiga sana'ar harbi, wadda tana cikin mafi daɗewar sana'o'in ƙasar, tunda littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya buɗe ne da zuriyar Dala da labarin wani ƙaƙƙarfan maharbi mai kashe giwa da sanda. Ya kamata a bambanta harbi da farauta. Farauta fita ce ta taron jama'a da rani bayan an kawar da amfanin gona, da karnuka da sanduna da gariyo da kiɗa, ana kora ana ihu, wanda ya riga shi ya samu. Harbi kuwa aikin mutum ɗaya ne ko biyu, sana'a ce ta gado mai shugabanni irin su Sarkin Baka, kayan aikinta baka da kwari da kibau masu dafi, jarinta kuma shiru da haƙuri. Tunda kibiya ba ta cin dogon zango, babbar matsalar maharbi ita ce yadda zai matso kusa da barewa ko gwanki ko kanki a fili mai gajeruwar ciyawa, inda babu abin labewa, kuma dabbar tana hango mai ƙafa biyu daga nesa. Maharba sun lura cewa waɗannan namun daji ba sa damuwa da burtu, domin kullum yana kiwo a tsakaninsu yana tsintar fara da ƙadangaru da macizai da ɓeraye, kuma girmansa bai yi nisa da na mutumin da ya durƙusa ba.

Daga nan aka samo kan burtu, wanda shi ma burtu ake ce masa a taƙaice. Ana sassaƙa itace marar nauyi a lanƙwashe kamar wuyan tsuntsun, a lulluɓe shi da baƙar fata a ɗinke, sannan a ɗaura ainihin busasshen bakin burtu da tudunsa a ƙarshen itacen, ko kuwa a sassaƙa kan gaba ɗaya idan ba a sami na gaske ba. A wurin da tsuntsun yake da jar fata a maƙogwaro akan liƙa 'ya'yan idon zakara, waɗannan ƙananan jajayen ƙwayoyi masu ɗigon baƙi, da danƙo ko kakin zuma, domin namijin burtu yana da ja da shuɗi a wuya, macen kuwa shuɗi zalla. Gindin itacen yana da ɗan faɗi yadda zai zauna a goshin maharbi, da igiyar fata da ake zagayawa a ɗaure ta ƙeya, kuma sau da yawa akan ɗinka layu a jikinsa, tunda maharbi bai yarda dabara kaɗai tana isa a daji ba. Irin wannan kai ba na Hausawa kaɗai ba ne, ana samun sa wurin Nufawa da Gwarawa da wasu al'ummu har cikin Nijar da Kamaru da Chadi, amma da sunan Hausa ya fi shahara a gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Ɗaura kan shi ne mafi sauƙin aikin. Maharbi yakan yafa baƙin zane ko tsohuwar baƙar riga ta rufe bayansa, ya zagaya ta inda iska ba za ta kai wa dabba warinsa ba, sannan ya durƙusa ya fara tafiya da gwiwa da hannu ɗaya, baka da kibiya a ɗaya hannun a ƙasa-ƙasa. Burtu ba ya gaggawa kuma ba ya miƙe hanya, yakan yi taku biyu ko uku ya tsaya, ya sunkuyar da kai ya caki ƙasa, ya ɗaga ya waiga, ya karkata gefe kamar ya ga wani abu a cikin ciyawa, don haka dole maharbi ya yi duk waɗannan da wuyansa, ya kuma riƙa nufar dabbar a kaikaice. Idan barewa ta ɗaga kai ta zuba masa ido, ba zai daskare ba, domin tsuntsun gaske ba ya daskarewa, sai ya ci gaba da caka kamar bai san da ita ba, har ta mai da kai ga kiwo. A haka zai ci tazarar a hankali, ƙaya tana sukar gwiwa, rana tana dukan baƙin zanen, har ya kai inda kibiya za ta isa. Dafin da ke bakin kibiyar, wanda ake dafawa daga 'ya'yan kwankwani, zuciya yake tsayarwa, saboda haka ko rauni kaɗan ya wadatar, sai maharbi ya bi sawu ya yanka, ya yanke naman da ke kewaye da wurin harbin ya yar. Wanda ya iya wannan aiki ya san burtu sanin da babu littafin da ya ƙunsa a lokacin, domin kuskure ɗaya a kwaikwayo yana nufin komawa gida hannu rabbana.

Wannan sana'a tana buƙatar daji, kuma daji ne ya ƙare. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano ta daɗe da cika, domin Heinrich Barth, wanda ya shigo daga Katsina a watan Fabrairu na 1851, ya yaba yawan garuruwanta da gonakinta da itatuwan da aka bari a cikin gonakin. Amma can arewa, wajen iyaka da Kazaure da Daura da Damagaram, rashin zaman lafiya na ƙarni na 19, tun daga tawayen Ɗantunku har zuwa hare-haren Maraɗi da yaƙin Damagaram na ƙarshen ƙarnin, ya sa mutane sun taru a garuruwa masu ganuwa, ya bar dazuzzuka a tsakaninsu inda namun daji suke sakewa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 hare-hare suka tsaya, mutane suka fantsama suna saran daji suna kafa ƙauyuka da unguwanni, sannan jirgin ƙasa ya iso, aka buɗe hanyar a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi, haraji kuma ya zama dole a biya shi da kuɗin, sai kowane magidanci ya nemi ƙarin fili. Saura, wato gonar da ake bari ta huta har ta koma ƙaramin daji, ta yi ta raguwa har ta ɓace a wurare da yawa.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan a Jami'ar Bayero ta Kano, shi ne ya yayata sunan da ake kiran wannan yanki da shi a littattafan ilimi, wato yankin Kano mai cunkoson mazauna, a wani aiki da suka buga tare da J. Wilson a 1965. Abin da ya nuna shi ne ƙasa wadda fiye da kashi 80 cikin 100 nata ake nomawa kowace shekara ba hutu, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, ana riƙe ƙarfinta da takin awaki da tumaki da sharar birni da ake ɗaukowa a mangala bisa jakuna. Abin da ya ba masana na waje mamaki, ko da yake manomin bai ga abin mamaki a ciki ba, shi ne itatuwa ba su ƙare ba. Binciken da aka yi a kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya gano cewa manoma suna riƙe da itatuwa fiye da goma a kowace hekta a gonakin da ke kusa da birni, domin kowace bishiya tana da mai ita kuma tana da amfani, kuka don miya, ɗorawa don kalwa da daddawa, tsamiya don kunu, gawo kuma don yana zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, da rani ya ba dabbobi abinci.

Wannan tsari shi ya raba makomar tsuntsayen biyu. Cilakowa ba ta buƙatar daji, kogo take buƙata, kuma tsofaffin itatuwan gona suna da koguna. Idan damina ta kama, macen takan shiga kogon ta toshe ƙofarsa da laka da kashinta da ɓargon 'ya'yan itace, namijin yana kawo mata kayan aiki, har ya rage 'yar siririyar tsaga da baki kaɗai zai iya wucewa. A ciki za ta saka ƙwai biyu zuwa huɗu, ta zubar da manyan gashin fiffike da na bindi ta sake sababbi, namijin kuwa yana ta kai da kawowa yana miƙa mata fara da tsutsa da 'ya'yan ɓaure ta tsagar, sau da dama a yini. Idan 'ya'yan suka yi girma kogon ya yi musu kaɗan, sai ta fasa ta fito, su kuma su sake toshe ƙofar da kansu, iyayen biyu su ci gaba da ciyar da su. Maciji da shaho ba su da hanyar shiga, yaro mai danƙo ma sau da yawa yakan wuce bai lura ba. Noma bai rage mata abinci ba, domin takin da ake zubawa a gona yana tara buzuzu da tsutsotsi da mai jan baki take tonowa, dalbejiyar da aka shigo da ita a zamanin Turawa kuma ta ba mai toka-toka 'ya'yan da take so.

Burtu kuwa duk abin da ya taimaki cilakowa bai yi masa rana ba. A ƙasa yake neman abinci, kuma ma'aurata biyu suna buƙatar fili mai faɗin gaske da babu yawan mutane da karnuka. Sheƙarsa sai babban kogo irin na tsohuwar kuka ko ramin dutse, macen ba ta toshe ƙofa yadda cilakowa take yi, ƙwai ɗaya ko biyu take sakawa ta kwanta a kansu kusan kwana arba'in, kuma galibi ɗa ɗaya ne yake rayuwa, ya yi kusan wata uku a kogon kafin ya fito, sannan ya ɗauki shekaru kafin shi ma ya hayayyafa. Tsuntsu ne mai tsawon rai, yana iya kai shekara arba'in a tsare, amma irin wannan jinkirin haihuwa ba ya jure asara, ko da ta 'yan kaɗan ce a shekara. Ga shi kuma kansa abin nema ne, da can don maharba, yanzu don masu sayar da kayan maganin gargajiya a kasuwanni. A 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma a Nijeriya mai son ganin sa yau sai ya nufi gandun daji irin na Yankari a Jihar Bauchi.

Sana'ar ma ta bi tsuntsun. Dokar kare namun daji ta 1916 da ta Jihar Arewa ta 1963 sun taƙaita abin da za a harba, bindigar toka ta rage buƙatar matsowa kusa, fari na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun ƙara matsa wa ɗan abin da ya saura, amma babban dalili shi ne babu barewar da za a yi wa rarrafe a tsakanin kunyoyin gero. Maharban arewacin Kano da suka riƙe gadon sai suka koma tafiya dazuzzuka masu nisa da rani, ko bayar da magani, ko aikin tsaron gari, kan burtu kuma ya zama kayan ado da ake fitowa da shi a taron maharba da bukukuwa, inda dattijo zai ɗaura ya kwaikwayi tafiyar a gaban 'yan kallo.

Sai dai kalmar ba ta tsufa ba, ta ma fi ƙarfi a yau fiye da lokacin da tsuntsun yake nan, saboda salon maganar nan na shigar burtu. Ana cewa mutum ya yi shigar burtu idan ya sa tufafi ko kamannin da ba nasa ba don ya shiga inda ba za a bar shi ba, kamar namijin da ya sa hijabi da niƙabi ya kutsa cikin mata, ko ɓarayin da suka sa kakin jami'an tsaro suka tare hanya, ko jami'in da ya sa tsumma ya zauna cikin masu laifi yana sauraro. Gidajen rediyo da jaridun Hausa suna amfani da ita kusan kullum, kuma tana da gurbin da 'yan'uwanta ba su cike ba. Ɓad da kama ya fi faɗi, domin mai gudun kada a gane shi ma ɓad da kama yake yi, ko da ba ya nufin kowa da komai. Sojan gona yana da'awar matsayi ne, yana cewa shi likita ne ko ɗan sanda, kuma bakinsa ne babban makaminsa. Mai shigar burtu kuwa ba ya da'awar girma, so yake a ɗauke shi abin da aka saba gani har a daina kallon sa, kuma akwai wanda yake nufa, kamar yadda maharbi yake nufar barewa. Duk tsarin harbin yana nan a cikin kalmomin biyu, da mai rarrafe, da abin da aka sa a ka, da wanda ake yi dominsa.

Wani abin lura shi ne salon ya juya wa tsuntsun suna, domin matashin Minjibir ko Tsanyawa da ya tashi yana jin kalmar a labaran rediyo yakan ɗauka burtu wani mayaudari ne, ko ma wata irin riga, alhali tsuntsun bai taɓa yaudarar kowa ba, amincin da namun daji suka ba shi ne aka ara aka yi aiki da shi. Cilakowa ba ta sami irin wannan ɗaukaka a harshe ba, sunanta ya tsaya a kan mai shi. Da farkon damina, idan ruwa ya sauka da dare shinge ya tashi, ana ganin su cilakowa da safe a gonakin da ke gefen hanyar Kano zuwa Ɗambatta, suna tashinsu mai hawa da sauka, fiffike uku ko huɗu sannan su saki jiki, daga wannan gawo zuwa wancan, yayin da masu shuka suke bin layi da sungumi a ƙarƙashinsu.